Ɗiyar Dela Tana Hannuna

Litinin, da hantsi, yara na cin abinci

Hajiya Mashkura ce ta ce mu riƙa rubutawa. A taron bitar da aka yi mana a Bagudo, mu malaman ƙananan yara, ta tsaya gaban allo da gyalenta mai ƙamshi ta ce lokaci dukiya ne, kowace malama ta sami littafi ta riƙa rubuta inda nata ke zurarewa. Na ce a raina, Hajiya, ni Barira da na yi shekaru ina fataucin atamfa tsakanin nan da ƙetare, ai na san inda dukiya ke zurarewa, wajen masu tare hanya ne da wajen dangi. Amma littafin kyauta ne, takardarsa fara tas, to ga ni ina rubutawa. Nuna mata ne dai ba zan yi ba.

Mun dawo da jadawali. Malam Muhsin, shugaban 'yar makarantarmu, ya kafa shi a bango da ƙusa, ya rataya agogo a samansa. Lokacin ƙirga, lokacin wasa, lokacin waƙa, lokacin abinci, lokacin barci. Har fitsari an yanka masa nasa lokacin. Na tambaye shi ko an sanar da marar yaran. Bai yi dariya ba. Mutumin kirki ne, sai dai bokon bai gama narkewa a cikinsa ba.

Akwai kuma sabuwar doka: yara na gama shigowa a rufe ƙyaure, ba mai ɗaukar ɗansa sai an tashi.

Dela ce wannan dokar ba za ta yi wa daɗi ba. Bafulatana ce daga rugar da ke hayin rafi, ɓangaren Benin. Kullum da safe takan tsallako da sauran masu nono, ta ajiye mini ɗiyarta Raliya, 'yar shekara huɗu ko kusa da haka, ta wuce kasuwa. In nono ya ƙare ta zo ta ɗauke ta, ko da wuri ko a makare. Gindin ƙwarya ne agogonta. Na gaya mata dokar yau, ta yi murmushi ta ce to, irin "to" ɗin da nake ce wa mai karɓar haraji.

Laraba, lokacin barcin yara

Gobe Hajiya za ta zo ta ga ko bitarta ta kama. Na shirya ajin yadda nake shirya rumfa ranar kasuwa: mai kyau a gaba, mai majina a baya, marar wando a tsakiya inda ido ba ya kai wa ƙasa. Raliya ce gaban rumfata. Ita ke jan waƙar ƙirga saura su amsa, muryarta siririya kamar zaren da aka zaro daga bakin atamfa. Hausarta ba ta gama nuna ba, amma a waƙa ba a ganewa.

Yanzu duk sun zube a tabarma. Iska na shigowa daga fadamar shinkafa ɗauke da ihun masu korar tsuntsu, can nesa, kamar ana kiran wani da ya daɗe da tafiya. Na ɗan gyangyaɗa. Sai ga ni a kasuwar Tsamiya ina auna wa mutane safiya da mudu, wata tsohuwa na ta naci in ƙara mata gyara. Agogon Malam Muhsin ne ya tashe ni. Ban san yana da ƙara haka ba sai da ɗakin ya yi tsit.

Alhamis, bayan la'asar

Hajiya ta yaba. Ta ce ajina ya fi na wasu masu manyan takardu. Bari in fara rubuta wannan.

Sauran kuma ga yadda aka yi. Muna ƙarshen lokacin wasa, waƙa ce ke biye, sai na ji ana bugun ƙyaure. Na leƙa ta kafar langa-langa, sai ga Dela, ba ƙwarya a kanta, mayafinta ya zame. Hantsi bai gama ɗagawa ba, nono ba ya ƙarewa a wannan lokacin.

"Malama, ba ni ɗiyata. An aiko mu koma yanzu-yanzu."

Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce ba ta sani ba, an dai ce duk matan rugarsu su saki abin da ke hannunsu su taho, ga shi kuma ta baro jaririnta can wajen surukarta. Tana magana tana waigen hanya.

To ni a kasuwa na girma, na ga masu sauri iri-iri. Mai saye zai ce miki motarsa za ta tashi, ya juya baya, ya yi kamar ya tafi, duk don ki sauko ne. Na sha riƙe mai "yanzu-yanzu" da murmushi har ya yi azahar a rumfata. Abin da kunnena ya jiyo ke nan a bakin Dela, ciniki. Sai na taya. Na ce mabuɗi na hannun Malam Muhsin, shi kuma yana tare da baƙuwa, ta je ta kwaso ƙorenta a kasuwa, kafin ta dawo an gama waƙa, in miƙo mata yarinya har da alewa. Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena. Ta tsaya kamar za ta ƙara magana, sai wata daga cikin matan ta ƙwala mata kira daga bakin hanya. Ta ce, "To, ina dawowa," ta ruga.

Raliya ta ja waƙa. Hajiya har da tafi.

An tashi, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Muka zauna bakin ƙofa ni da Raliya har inuwar bango ta haye hanya. Yanzu tana tsakar gidanmu tana kallon kaji. Na ba ta tuwo ta ɗan taɓa. Gobe uwarta za ta zo, in yi mata tsiya in ce ta bar mini jingina.

Juma'a, da hantsi

Masu nono ba su shigo ba yau. Ko ɗaya.

Asabar, bayan azahar

Na zaga kasuwa da Raliya riƙe da bakin zanena. Kowa da nasa labarin. Mahauci ya ce rigimar shanu ce, mai faci ya ce ba shanu a ciki, wani da ya fi su sani ya sa yatsa a baki ya nuna sama da ido. Abu ɗaya bakinsu ya haɗu a kai: hanyar rafi ta rufu, ba shiga ba fita, kuma tun shekaranjiya ba wanda ya hango hayaƙi a rugar hayi.

Atiku mai shayi yana da lambar mijin Dela. Ya kira mini. Wata mata a cikin wayar ta yi mana Faransanci mai daɗi, ita dai ba ta san Dela ba.

Mero mai tattasai ce ta ja ni gefe. Ta ce ranar Alhamis ta ga Dela ta nufo makaranta da ƙorenta a ka, sai wani ɗan'uwansu ya tare ta da mashin, ya daka mata tsawa, ya ɗora ta. Ta ce har suka sha kwana hannunta na nuna bangonmu.

Na sayi tattasan da ba ni da bukatarsa, muka taho.

Lahadi, da yamma

Raliya ta tambaye ni wani abu da Fulatanci, na amsa mata da Hausa cewa gobe. Ban san mene ne na ɗaga zuwa goben ba.

Talata, bayan an tashi

Malam Muhsin ya kai magana wajen maigari. Maigari ya ce yarinya ta zauna hannuna har uwarta ta zo da ƙafarta, kada a ba kowa. A hanyar dawowa Malam ya tambaye ni ko na ga Dela ranar Alhamis ɗin. Na ce na ga wucewarta. Ai kuwa na gani.

Ashe yarinyar nan tana da nata agogon a ciki. Rana na kusa da kai tsaka, daidai lokacin da ƙwaryar uwarta kan ƙare, sai ta miƙe, ko da kuwa cokali ne a bakinta, ta tafi ƙyaure ta manna ido a kafar langa-langa. Ba ta kuka. Da kuka take da na san abin yi, kuka ciniki ne shi ma, ana iya sasantawa. Tsayuwa kawai take yi, 'yan dugaduganta a ɗage.

Yara kuwa kamar awaki suke, ɗaya ta nufi wani wuri saura sun bi. Sai ajin ya tashi kaf ya taru a bayanta, kowa na son ya leƙa ya ga abin da take gani. Ni ina tsaye gaban allo ina ƙirga wa tabarmi. Na duba jadawali sama da ƙasa, babu lokacin tsayuwa a ƙofa.

Laraba, da hantsi

Masu nono ba su shigo ba.

Alhamis, lokacin barcin yara

Na yi wa jadawalin Malam Muhsin fashin tsakar rana. Na ciro waƙa daga safe na kai ta lokacin da Raliya ke tashi, na kwashi tabarmi na shimfiɗa su gindin ƙyaure. Tunda can za su je, to mu tafi tare. Ita tana leƙe, mu muna waƙa a bayanta. Can sai na ji siririn zaren nan ya shigo cikin amshi, idonta bai bar kafar ba.

Malam ya zo yana nuna mini bango da biro. Na ce ai Hajiya da bakinta ta ce a riƙa fitar da yara waƙa a sarari don iska ta shiga ƙwaƙwalwarsu, ko lokacin ya fita amsa waya ne? Ya ce a'a yana nan, ya tuna. Hajiya ba ta faɗi haka ba. Amma da an tambaye ta za ta so a ce ita ta faɗa.

Sun yi barci a nan gindin ƙyauren, inuwar dogonyaro na yawo a kan fuskokinsu. Ina kallonsu sai na ga kamar a kwale-kwale muke duka, tabarmar na tafiya a hankali, ba mai tuƙi, ba wanda ya tambayi ina za a sauka.

Asabar, da hantsi

Rigar Raliya ɗaya ce, ta gaji da wanki. Na janyo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, na ɗaga atamfofin da suka yi mini kwantai tun ina fatauci, na kai hannu can ƙasa. Ƙanshin kafur ya cika ɗakin. 'Yan riguna ne da na ɗinka wa tawa ɗiyar da girma, don a lokacin an ce mini yara saurin tsawo gare su, kada in yi asara.

Sun yi mata daidai. Har mai ruwan ƙwai ɗin.

Ba zan rubuta wannan ba. Hajiya cewa ta yi mu rubuta lokaci.

Litinin, bayan azahar

Na makara yau, ni da ke da mabuɗi. Yara sun taru a waje kamar 'yan tsaki, Malam na tsaye yana duba agogon hannunsa ya duba ni. Na ce masa akuya ce ta haihu. Ba mu da akuya.

Gaskiyar ita ce yarinyar nan ba ta shan koko, tuwo ma sai da lallashi. Kalma ɗaya take maimaita mini, kosam, kosam, sai da Atiku ya ce nono take nufi. Shi ya sa tun da asuba na goya ta muka hau kabu-kabu zuwa wata ruga ta wajen Sharabi. Raɓa ta jiƙe mana ƙafa, shinkafa ta sunkuyar da kai hagu da dama, hazon ruwa na kwance a kan fadama har ba ka sanin inda gona ta ƙare sama ta fara. Ta sha nono har ya zubo mata a haɓa.

Wata tsohuwa a rugar ta kama kunnen Raliya ta duba 'yan kunnenta, ta yi mata tambayoyi da yarensu, sai ta ambaci sunan kakanta. Ta ce mutanen nan sun nausa can cikin Benin, amma ba a rasa mai zuwa kasuwar shanu. Za ta ba da saƙo cewa ɗiyar Dela na nan lafiya hannun malama.

Na yi mata godiya sosai. A kan mashin muna dawowa sai na ji kamar na faɗi kuɗin kayana tun mai saye bai tambaya ba.

Laraba, da asuba

Na yi mafarkin Dela. Tana tafe a kan ruwan rafi kamar a kan daɓe, ƙwarya a kanta, tana ta tahowa ba ta isowa. Ni kuma ina gaɓa ina naɗe atamfa, ina ce mata ta yi a hankali, ba sauri. Na farka ƙafar yarinyar na kan wuyana. Haka take barci, a gicciye, ta cinye gadon duka. Na daɗe ban motsa ba.

Alhamis, da hantsi

Masu nono ba su shigo ba.

Juma'a, bayan an tashi

Yanzu ranata a tsare take fiye da jadawalin bango. Asuba nono, hantsi aji, azahar wanka, la'asar mu zauna tsakar gida tana jera mini duwatsu tana sayar mini. Na koya mata kada ta sallama a tayin farko. Yau na taya dutse, ta kawar da kai ta ce albarka, ta ci gaba da kallon kaji kamar ba ta san ina wurin ba. Matar yayana ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Barira kin samo magajiya. Daga nan ta shige ɗaki, don ta san abin da ta taɓa.

Da Hajiya za ta tambaye ni ina lokacina ke zurarewa, sai in ce ba ya zurara ko'ina yanzu. Ya sami wurin taruwa.

Litinin, lokacin barcin yara

Yau Raliya ba ta je ƙyaure ba.

Rana ta kai tsaka, na kwashi tabarmi, yara suka bi ni, ita tana zaune tana rigima da wani yaro a kan murfin kwalba. Sai da na kira ta. Ta zo ta zauna a cinyata, ta ba ƙyauren baya, ta ja waƙa.

Na ji daɗi. Na duba cikina da kyau ko akwai wani abu ban da daɗin, akwai, amma na bar shi a ƙasa kamar yadda ake barin ruɓaɓɓen tumatir a gindin kwando.

Talata, da yamma

Ta kira ni da sunan da ba nawa ba. Na amsa.

Laraba, da hantsi

Masu nono ba su shigo ba. Alhamdu lillahi.

Allah na tuba.

Laraba, bayan la'asar

Ya zo ana gab da tashi. Dogo, da sanda da malfa, ƙafafunsa sun yi fari da tafiya. Ya tsaya nesa da ƙyaure har iyaye suka watse, sannan ya matso ya yi sallama. Ya ce sunansa Hamma, yayan Dela ne, saƙon tsohuwa ya same su. Ta daji ya biyo, ba ta hanya ba. Sun yi zango a bayan wani gulbi can ciki, kuma jibi bayan an sauko Juma'a za su kaɗa shanu su yi kudu. Bana ba za su dawo ba, baɗi ma sai abin da Allah ya yi. Na tambaye shi me ya faru a rugarsu. Ya dubi sandarsa ya ce an dai tashi.

Na kawo masa ruwa, na zauna, na buɗe rumfa. Na ce ban san shi ba, kuma maigari ya ce sai uwa da ƙafarta. Na ce yarinya na tari. Na ce zangon karatu bai ƙare ba, ga ta ta fara gane baƙaƙe, a bari a yi girbi hanya ta lafa ni da kaina in kawo ta. Na yi magana mai daɗi, irin wadda na sha sayar da atamfar bara da ita a matsayin sabon yayi.

Mutumin nan bai taya ba. Bai ce na yi tsada ba, bai ce na yi ƙarya ba. Ya bar ni na zazzage kayana duka, sannan ya ce:

"Uwatta ba ta cin abinci."

Raliya na bayana ta cusa kai cikin zanena. Ya yi mata magana da Fulatanci, ta leƙo ta dube shi, ta koma. Ya ce ya gani. Ya ce ba zai iya ratsa daji da yarinya tana kuka ba, kuka na tafiya nesa, kuma akwai wuraren da ba a so a ji mutum. Zai kwana a shagon Atiku. Da asuba zai juya, ko da ita ko ba ita.

Laraba, gab da magariba

Ina yi wa Raliya kitso. Ta kwantar da kai a cinyata tana wasa da yatsun ƙafata.

Ba abin da zan yi. Shi ke nan dabarar, kuma ban taɓa samun mai sauƙinta ba. In kwanta, in makara kamar yadda na makara ran Litinin, gari ya waye mutum ya kama hanyarsa. Maganar maigari na bayana. Ba wanda zai ce Barira ta hana, shi da kansa ya ce ba ya iya ɗaukar ta. Jibi shanu su yi kudu. Wata shekara ta manta kosam, ta iya rubuta sunanta, in kai ta Bagudo makarantar gaba da sabon takalmi.

A bayana ba ta kuka. Ko ranar da muka je Sharabi cikin duhun asuba, ko uffan ba ta ce ba. Wannan ma na sani, shi bai sani ba.

Kitson ya yi kyau. 

Alhamis, da asuba

Na aika wa Malam Muhsin mabuɗi. Na ce ya riƙe ajin yau, jadawali na bango.

Asabar, da hantsi

Jiya na kasa riƙe biro, sai yau.

Hanyar da Hamma ya bi da mu na san rabinta, ta nan muke ratsawa da atamfa a shekarun baya in an tsananta. Itatuwan sun girma, ni na tsufa, ƙaya ce kawai ba ta canza ba. Kabu-kabu ya sauke mu a bakin fadama, daga nan sai ƙafa. Shi a gaba, ni a baya da goyo. In ya ɗaga sanda mu tsaya, in ya sauke mu ci gaba. Wani wuri muka wuce bukkoki ba kowa, tukunya na kan murhu, kaza ɗaya na yawo. Ban tambaya ba. Na ji numfashinta a wuyana, tana rera waƙar ƙirga can ƙasa-ƙasa, ba murya sai iska. Wani masunci ya tsallakar da mu gulbi, ruwan ya yi lumui kamar man gyaɗa, har na ji ina ma a ce hayin ya yi ta matsawa.

Bayan azahar muka isa. Shanu kwance a inuwa, kaya a ɗaure, mata na tankaɗe. Na hango Dela kafin ta hango mu. Jaririn na bayanta. Wuyanta ya yi tsawo, awarwaron hannunta ya sauko har ya kusa fita.

Ta taso da gudu, sai ta tsaya, don yarinyar ta ƙanƙame ni ta ɓoye fuska. Na kwance goyo na sauke ta, ta riƙe zanena da hannu biyu. Na ce je ki mana, ga Inna. Ta ƙi. Ban san inda zan sa idona ba.

Dela ba ta fizge ta ba. Ta koma ta zauna a ƙasa ɗan nesa da mu, ta janyo ƙwarya ta fara burga nono, tana wata 'yar waƙa tasu, ba ta ko duban wajenmu. Muka daɗe a haka. Ina jin 'yan yatsun na saki ɗaya bayan ɗaya. Ta taka ta je ta tsaya a gefenta kamar mai kallon kayan da ba ta da niyyar saye. Ta sa yatsa a ƙwaryar ta lasa. Can sai ta zauna a cinyar, ta tura kai ƙarƙashin mayafin, kukan da ba ta yi ba tun ranar Alhamis ɗin nan ya taho gaba ɗaya. Har ta yi barci ana jin ajiyar zuciyarta.

Dela ta shafa kitson, ta bi layinsa da yatsa, ta duba rigar. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Kin ce in je in dawo."

Na ce haka na ce. Ta jira ko da ƙari. Na duba ko'ina a cikina, ba ƙari. Ta zuba nono a ƙaramar ƙwarya ta miƙo mini, na sha, ita ma aka kawo mata fura ta sha, matan na kallonta suna taɓa juna.

Hamma ya ce in muna so mu sami masuncin sai mu tashi. Na miƙe a hankali don in sulale tana barci, haka ya fi sauƙi, na sha yi wa yara haka a aji. Dela ta riƙe bakin zanena. Ta ce a'a, in zauna ta farka ta ga tafiyata da idonta, kada ta tashi ta yi ta neman wata kuma. Na koma na zauna. Hamma ya dubi rana. Inuwa ta yi ta tsawo, shanu suka fara miƙewa, ni da na yi wata guda ina yanka wa yini gunduwa-gunduwa na zauna ina kallon yarinya na barci.

Da ta farka ta dubi uwarta, ta dube ni. Na durƙusa na ce mata zan koma gida, ita kuma za ta tafi da Inna da shanu. Ban ce mata gobe ba. Ta juya ta yi wa uwarta magana da Fulatanci, doguwar magana, da nuna ni da baki. Tun safe da Hausa take mini, yanzu ta koma inda ba na iya bin ta.

Dela ta yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya.

Na ce me ta ce?

"Ta ce wa za ya kwana da ke?"

Na buɗe baki. Ni da ban taɓa rasa abin gaya wa mai saye ba.

Hamma ya ɗaga sandarsa ya ce Malama, rana na tafiya.